Yadda Ake Cire Fentin Feshi Daga Bindigar Farauta Ba Tare Da Ɓata Rininta Ba

Tambayar yadda ake cire fentin feshi daga bindiga ta yawaita daga mafarauta da masu tsaron gona, tun daga Zuru da Yauri har zuwa Gummi da Talata Mafara. Mutum ya gaji bindiga, ko shi da kansa ya taɓa fesa mata fentin gwangwani don ta daina ƙyalli a daji, yanzu fentin ya soma ɓarewa, ta yi dabbare-dabbare, yana so ta koma yadda ta fito daga kamfani. Ana iya yi a gida, cikin yini ɗaya ko biyu, da kayan da ba su da wuyar samu. Bayanin nan na bindigar da mutum ya mallaka bisa doka ne, mai lasisi. Idan ta hukuma ce aka ba ka don aiki, ba kai za ka taɓa ta ba, ka mayar wa mai kula da ma'ajiyar makamai.

Kafin a shiga matakan, akwai abu ɗaya da in ka riƙe shi sauran duk za su zo da sauƙi. Baƙin nan mai ɗaukar shuɗi da ke jikin ƙarfen bindiga galibi ba fenti ba ne. Rini ne da aka yi wa fatar ƙarfen kanta, kuma siriri ne ƙwarai, ko kusa da kaurin silin gashi bai kai ba. Kananzir da tina, wato ruwan sirka fenti, ba sa yi masa komai. Abu biyu ne ke kashe shi: gurza da tsami. Katako kuwa akasin haka yake, banish ɗin da ke kansa tina ce babbar abokiyar gabarsa. Saboda haka abin da ya dace da ƙarfe bai dace da ƙota ba, kuma duk wanda ya ɗauki tsumma ɗaya ya bi bindiga da shi tun daga baki har gindi, to sai ya ɓata ɗaya daga cikin biyun.

1. Tabbatar babu komai a cikinta

Juya bakinta ga bango ko ƙasa, inda babu mutum ko dabba. Idan mai karyawa ce, mai baki ɗaya ko mai baki biyu, karya ta, cire harsashi, ka leƙa ta baya har ka ga haske ya fito ta ɗaya gefen. Idan mai gidan harsashi ce, cire gidan tukuna, sannan ka ja makullin ka duba cikin ɗakin harsashin da ido da kuma yatsa. Kwashe harsasan ka kai su wani ɗaki dabam ka kulle.

Bindigar toka, wato harbi-ka-ruga, ita ce ta fi buƙatar kula a nan, domin ba a ganin cikinta. Cire abin da ke tayar mata da wuta, ka sauke kunamar a hankali. Zura sandar ɗuri har ta tsaya, ka yi mata alama daidai bakin bututun, ka zaro ta, ka ɗora ta a jikin bututun ta waje. In sandar ta kai har ƙarshen bututun, babu komai. In ta rage da yatsa biyu ko uku, akwai ɗuri a ciki.

*Hattara:* kada fuskarka ko tafin hannunka su hau saitin baki lokacin da kake awon nan. Kuma in ka tarar da tsohon ɗuri, aiki ya tsaya har sai wanda ya san hannunta ya fitar da shi. Albarushi yana shekaru a cikin bututu bai mutu ba.

2. Tara kayan aiki

- Kananzir rabin lita.
- Sifirit na kemis, kwalba ɗaya, kamar mililita 200.
- Tina irin ta masu fentin mota, kwatan lita. In babu, ruwan goge janfarce mai asiton yana yin aikin, sai dai kwalbarsa ƙarama ce, za ka buƙaci uku ko huɗu.
- Fararen tsummoki na auduga, aƙalla goma, a yayyanka kamar faɗin tafin hannu. Tsohuwar singileti ta fi komai. Fari ake so don ka riƙa ganin launin abin da ke fita.
- Tsohon buroshin haƙori guda biyu, da tsinken sakace.
- Tsohon katin banki ko katin da ake ɓalle layin waya daga jikinsa.
- Farar leda marar rubutu, da salatif na takarda.
- Sukudireba wadda bakinta ya cika tsagar sukurun daidai.
- Man bindiga, ko man keken ɗinki.
- Kakin zuma ɗan dunƙule.
- Safar hannu ta roba mai kauri. Siririyar nan ta asibiti ba ta jimawa a cikin tina take yagewa.
- Mayen ƙarfe, ko na tsohuwar sifika ne.

Wajen kuɗi, kada ka sayi galan ɗin tina. Je shagon fenti a kasuwar Gusau, Birnin Kebbi ko Jega, ko wajen mai fentin mota na unguwarku, ka ce a auna maka a kwalba. Yawancin sauran kayan akwai su a gida. Abu biyu ne masu ɗan tsada, gwangwanin man feshi na WD-40 da soson ƙarfe mai laushi mai lamba 0000, kuma duka biyun aiki yana yiwuwa ba tare da su ba. Inda kuɗi ke tafiya da gaske shi ne in an ɓata rinin, domin maido da shi aikin ƙwararre ne, ba na tsakar gida ba. In za ka ƙara kashe wani abu, kashe shi a kan sukudireba mai kyau. Wadda ta yi wa tsagar kaɗan sai ta zame ta tauna kan sukurun, ta kuma ja dogon layi a jikin ƙarfen.

Ga kuma abubuwan da ba za su kusanci wurin ba ko kaɗan: samfefa, soson ƙarfe na wanke tukunya, toka da yashi, reza, wuƙa, buroshin waya na masu walda. Sannan duk wani abu mai tsami, wato ruwan batir, lemun tsami, tsamiya, ruwan wanke masai da maganin cire tsatsa. Waɗannan suna ɗauke rinin cikin mintuna, su bar farin ƙarfe. Bilic yana jawo tsatsa. Sodar yin sabulu tana cin alminiyam. Man birki, wanda makanikai da yawa za su ba ka shawararsa, yana narkar da fenti da gaske, amma yana cin banish, yana lalata wasu robobi, kuma yana jan danshi, duk lungun da ya maƙale a ciki tsatsa za ta biyo baya. Fetur kuwa tururinsa yana bin ƙasa ya je ya samo wuta daga nesa. A bar shi.

3. Wuri da lokaci

A yi aikin a waje, a inuwa, inda iska ke wucewa, nesa da murhu, risho, janareta da mai shan sigari. Takunkumin yadi ba ya tare tururin tina, iska ce kawai maganinsa. Da ka ji kanka ya soma sarawa ko jiri, tashi ka sha iska.

Da bazara, a watannin Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40 a yankinmu, tina tana bushewa kafin ta yi aiki, don haka da sassafe ake farawa. Ranar da hunturu ya taso da ƙura kuma a haƙura, domin ƙurar tana manne wa fentin da ya jiƙe, tsumman hannunka ya koma samfefa ba ka sani ba. Shimfiɗa kwali ko tsohon buhu a kan benci. Yara su yi nisa.

4. Raba ƙarfe da katako

Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi ceton bindiga. A mai karyawa, ɓalle katakon gaba, danna maɓallin karyawa, ka ɗaga bututun ya fita daga maƙalinsa. Ƙotar baya a mafi yawansu dogon noti ne ke riƙe da ita daga ciki: kwance sukuru biyun da ke farantin gindi, za ka ga rami, notin yana can ƙarshensa. A raifal da bindigar iska sukuru biyu ko uku ne ta ƙasa ko ta gefe. Cire igiyar rataya, ka kwance madubin hange in akwai. Ɗauki hoto da waya kafin kowace kwancewa, ka zuba sukurorin a gwangwani ɗaya.

Sau da yawa fenti ya cike tsagar sukuru. Ɗiga kananzir, ka jira minti biyar, ka ƙwaƙule da tsinke har ka ga ƙasan tsagar, sannan ka sa sukudireba.

*Hattara:* iyakar kwancewarka ke nan. Kada ka buɗe gidan kunama, kada ka taɓa sifirin ɗin ciki. Na bindigar iska a matse yake da ƙarfi ko ba a ɗana ta ba, yana iya fitowa ya ji maka mummunan rauni. Gyaran ciki aikin mai izini ne.

Toshe bututun ta baki da ta baya da ɗan tsumma mai mai, ka bar jelarsa a waje yadda ba za ka manta da shi ba. Rufe ramin allurar da ke dukan harsashi da kewayen kunama da salatif. In ƙotar ta ƙi fita, kada ka tilasta mata. Naɗe ta da leda, ka bi iyakarta da ƙarfe da salatif ninki biyu.

5. Gwaji a ɓoyayyen wuri

Ba kowane baƙi ne rini ba, kuma ba za ka san abin da ke ƙarƙashin fentin ba sai ka buɗe ɗan wuri. Fara da mayen ƙarfe. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda bai kama ba, galibi alminiyam ne ko roba.

Zaɓi wuri a ƙasan bututun, inda katakon gaba ke rufewa, wanda feshin ya taɓa. Naɗa tsumma a yatsa, jiƙa shi da kananzir, ka murza wuri kamar faɗin farce na minti ɗaya. In fentin ya soma fita, ba ka buƙatar abin da ya fi kananzir. In bai motsa ba, gwada sifirit. In shi ma bai yi ba, sannan tina. Kullum daga mai sanyi ake hawa zuwa mai zafi. Fentin da bai wuce kwana biyu ba yakan bi kananzir ko sifirit, wanda ya shekara yana shan rana kuwa sai tina.

Yanzu dubi wurin da ka buɗe da kyau, a cikin haske. In ka ga baƙi mai santsi da sheƙi, kuma sabon tsumma mai tina ya fito fari bayan launin feshin ya ƙare, rini ne, ka samu yadda kake so. In ka ga toka-toka ko baƙi marar sheƙi mai ɗan kaushi, wani nau'in rinin ne mai ƙananan ramuka, shi ma yana jure tina, sai dai yana riƙe fenti, zai ci maka lokaci. In kuwa launin feshin ya ƙare amma tsumma yana ci gaba da fitowa baƙi, wurin kuma yana danƙo, to kamfanin ma fenti ya shafa mata, kuma kana cire shi. Bindigogi masu araha da yawa haka suke. Tsaya nan take, ka koma kan kananzir da sifirit kaɗai.

Akwai kuma abin da ba a so a gani: farin ƙarfe mai layi-layi, ko ramukan tsatsa. Ma'anarsa wanda ya yi feshin ya bi ta da samfefa tukuna, ko kuma tsatsa ya ɓoye. Bindigogin toka na maƙera ma galibi ba su da rini tun asali. A nan ka tsaya ka yi shawara, domin babu abin da za ka tarar a ƙasa sai ƙarfe tsirara. Sau da yawa abin da ya fi shi ne a cire tsohon fentin, a kashe tsatsar, a sake sabon fenti mai kyau, maimakon a bar ta haka.

A ƙota ma a yi gwajin, a ƙasan mariƙi inda ido bai cika kaiwa ba, amma daƙiƙa goma kawai ga kowane ruwa. Launin ruwan ƙasa ko rawaya mai danƙo a jikin tsumma alama ce banish ya soma narkewa.

6. Cire fentin daga ƙarfe

Kada ka murza. Ruwan ne zai yi aikin, kai naka jira ne. Jiƙa tsumma, ka naɗe shi a jikin bututun tsawon kamar taƙi ɗaya, ka lulluɓe da leda don kada ya bushe. Kananzir a ba shi minti 20 zuwa 30. Tina minti 3 zuwa 5 sun isa. Buɗe ka gani: fentin da ya nuna zai yi yamutse-yamutse, ya kumbura, in ka taɓa shi da farce ya zame. Kwantar da katin nan a jikin ƙarfen, ka tura shi a hankali tare da tsawon bututun. Abin da ya taso ka ɗauke shi da tsumma, shafa ɗaya zuwa gefe ɗaya, ka ninke tsumman, ka sake da wuri mai tsabta. Wanda ke kai da komo da tsumma ɗaya shimfiɗa fentin kawai yake yi, sai ya ga wani hazo-hazo ya bi bututun duka.

In feshin hawa uku ne ko huɗu, kamar yadda masu yin zanen ɓad-da-kama suke yi, kowane zagaye hawa ɗaya ko biyu zai ɗauke. Sake naɗewa. Zagaye huɗu na jiƙo sun fi zagaye ɗaya na ƙarfin tuwo. Gama taƙi guda sarai, ka shafa masa ɗan mai, sannan ka matsa gaba.

Riƙe ɓangaren yadda ruwan zai gangara nesa da gidan kunama. Wannan ba don kyau ba ne kawai. Narkakken fenti in ya shiga ramin allura ya bushe, yana iya riƙe allurar a waje, ranar da ka sa harsashi ka rufe bindigar ta tashi da kanta.

*Hattara da wuta:* wasu suna gasa bututu a kan garwashi ko su bi shi da wutar walda don fentin ya ƙone. Kada ka yarda. Zafi yana canza launin rini, yana kashe ƙarfin sifirin. A mai baki biyu kuwa, bututun biyu da ƙarfen da ke tsakaninsu a tsofaffi da yawa da dalma aka haɗa su, kuma dalmar tana narkewa tun wajen digiri 200. In kana son ɗumi, ajiye ƙarfen a rana na minti goma kafin ka naɗe shi da kananzir, ya wadatar.

Wasu masu baki biyu suna da gidan kunama mai launi-launi, shuɗi da ruwan ƙasa kamar bakan gizo. Galibi akwai siririn banish a kansa da ke kare launin, tina tana ɗauke shi. Yi wurin da kananzir da sifirit. Alminiyam mai rinin kamfani yana jure tina, amma ya fi ƙarfe laushi, katin ma a tura shi da sauƙi.

7. Lunguna, rubutu da lamba

Bayan filin ya fita, fenti zai rage a cikin rubutun kamfani, gindin saiti, zanen ado da kewayen sukurori. Ɗiga tina, ka jira minti biyu, ka bi da buroshin haƙori, sannan tsinke. Allura ko ƙusa ba su shiga nan. Ka lura ƙotar wasu burosan tana narkewa a tina, gashin kawai za ka tsoma.

Lambar bindiga ita ce wurin da ya fi kowane muhimmanci. Ita ce a rubuce a lasisinka, kuma goge ta ko dusashe ta laifi ne da zai iya jefa mai gaskiya cikin matsala a shingen bincike. Jiƙo da tsinke kaɗai, har kowane harafi ya fito sarai. In ta fito, gwada ta da takardarka. In ka ga ba su dace ba, ko ka ga alamar an taɓa gurza wurin, ka dakatar da aikin ka kai maganar ofishin 'yan sandan da ke kula da lasisi.

In tsatsa ta bayyana bayan fentin ya tafi, jiƙa ta da mai ta kwana. Washegari ka kankare ta da guntun tagulla, kamar wayar wuta mai kauri da aka dandaƙe bakinta. Tagulla ta fi ƙarfe laushi, jan layin da take bari yana fita da mai. In kana da soso mai lamba 0000, jiƙa shi sharkaf da mai, ka bi wurin da nauyin yatsa biyu kawai, kuma ka nisanci kusurwoyi, don nan rini ya fi saurin cinyewa.

8. Ƙotar katako

Nan ne haƙuri ke ƙarewa mutane, garin neman gira a rasa ido. Fara da busasshen kati. Fentin gwangwani ba ya kama banish mai santsi sosai, musamman in ba a gurza shi kafin feshin ba, sai ka ga yana ɓallewa ɓawo-ɓawo. Bi tsawon jijiyar katakon, kada ka gitta ta. Abin da ya ƙi, ɗora masa tsumma mai ɗan danshin kananzir na minti goma, ka sake gwadawa. Danshi aka ce, ba jiƙo ba. Kananzir in ya sami tsaga ko inda banish ya ɓare, yana shiga cikin katakon ya bar baƙin tabo. Ka fi kiyaye bakin ƙotar inda take haɗuwa da ƙarfe, don nan katako ke shan ruwa.

Sifirit yana taimakawa, sai dai akwai nau'in folish na kafintoci da sifirit ne ke narkar da shi, shi ya sa gwajin mataki na biyar ya zama dole.

Tina a kan banish sai in babu makawa, kuma sai in ta ci gwaji. Yadda ake yi: tsumma biyu, ɗaya a kowane hannu. Na dama mai ɗan tina, a matse shi sosai. Shafa ɗaya a wuri mai faɗin yatsa biyu, nan take na hagu busasshe ya bi baya. Bar wurin ya huta minti biyar kafin ka dawo masa, don banish ɗin da ya soma laushi ya sake tauri. Da ka ji tsumma yana kamawa, ko sheƙin ya dusashe, bar wurin sai gobe.

In ƙotar ba ta da banish, mai kawai aka shafa mata tun asali, fentin ya riga ya shiga ramukan katakon. A nan tina da buroshi ba su da laifi, domin babu abin da za su narkar sai man, shi kuma ana mayar da shi. Bayan ta bushe kwana ɗaya, shafa man linsid na kafintoci, ɗigo kaɗan a tafin hannu, ka murza har ya yi ɗumi, ka goge ragowar bayan minti 20. Sau uku, kwana ɗaya tsakani. Kada ka sa baƙin mai na inji, yana ruɓar da katako a hankali har wajen noti ya yi laushi. Man gyaɗa da manja kuma suna yin danƙo da wari.

*Hattara:* tsumman da ya sha man linsid in aka dunƙule shi aka jefar yana iya kama wuta da kansa. Shanya shi a buɗe a ƙasa har ya bushe.

Zanen ramuka-ramuka na wajen mariƙi buroshi da tsinke ne maganinsa, layi bayan layi. Yana iya cin awa guda shi kaɗai. Samfefa tana baje kawunan zanen, kuma ba sa dawowa.

9. Roba da madubi

Ƙotar roba kada tina ko asiton su taɓa ta. Wata suna narkar da ita, wata su bar mata farin tabo na har abada. Jiƙa ta a ruwan ɗumi da garin sabulu na rabin awa, ka bi da buroshi da kati, abin da ya rage sifirit ko WD-40. Robar gindi mai laushi tana kumbura a kananzir, ita ma sabulu da sifirit. A bindigar iska akwai zoben roba a inda ake sa harsashi, rufe shi da salatif, kuma kada kananzir ko mai su shiga ramin da iska ke fitowa, domin matsin iska yana kunna su lokacin harbi.

Madubin hange kuwa, rufe gilasansa biyu da auduga da salatif, ka goge jikinsa da tsumma mai ɗan sifirit, nesa da mahaɗai da wajen murɗa saiti. Ba a tsoma shi a komai. In fenti ya taɓa gilashin, kati ko farce ba su hau kansa, ɗigon sifirit a auduga mai tsabta kawai, a dangwala a ɗaga.

10. Mai, haɗawa da dubawa

Ƙarfen da tina ta wanke ba shi da ko ɗigon mai a jikinsa. Da damina, ko a garuruwan bakin ruwa irin su Yauri da Argungu, tsatsa tana iya hawansa kafin gari ya waye, shatin yatsa mai gumi ma ya isa. Don haka kada ka kwana ba ka shafa mai ba. Za ka ga rinin ya yi fari-fari kamar ya mutu bayan tina, kada hankalinka ya tashi, bushewa ce, mai yana taɓa shi zai dawo. Shafa siriri ko'ina, ka bar shi awa ɗaya, ka goge, ka sake washegari. Nau'in nan mai kaushi yana shan mai, ba shi sau uku. Ƙota mai banish kuma a murza mata kakin zuma, a goge da busasshen tsumma.

Cire salatif duka. Zaro tsummokin da ka toshe bututun da su, ka ƙirga su. Tsumma ɗaya da aka manta a ciki yana iya fasa bututu a hannun mai harbi. Bi cikin da sanda da tsumma mai tsabta, ka leƙa ta baya ka ga haske zagaye ba tare da komai ba.

Mayar da sassan bisa hotunan da ka ɗauka. Ɗaure sukurori su kama, amma kada ka matse har katako ya yi ƙara. Sannan, ba tare da harsashi ba, baki yana kallon ƙasa, duba cewa tana rufuwa gam babu girgiɗi, makullin kariya yana hana kunama motsi, allura kuma ta koma ciki ba ta leƙo ba. In ɗaya daga cikin ukun nan ya saɓa, kada ka sa mata harsashi sai mai gyara ya gani.

Daren farko jingine ta baki ƙasa a kan kwali, don ragowar mai ya gangara waje maimakon ya bi cikin ƙota. Ragowar tina da kananzir kada a zuba su a kwata ko kusa da rijiya, kuma kada a bar su a gorar ruwa ko ta lemo inda yaro zai ɗauka ya sha. In hakan ta faru, ba a sa shi amai, ba a ɗura masa manja, asibiti za a nufa kai tsaye. Bayan kwana uku ka sake fito da bindigar ka duba ƙarƙashin katakon gaba, gindin saiti da cikin rubutu, nan ne tsatsa ke fara nunawa in akwai inda mai bai kai ba.